Eclipsed: Mata Biyar a Dandamali da Kwamandan da Ba Ya Fitowa

Idan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta zauna zaɓen sabon rubutun da za ta ɗora a dandamali, tambayoyin farko na aljihu ne: mutum nawa wasan zai ci, sau nawa za a sauya fage, kayan nawa za a saya. Ta wannan fuska Eclipsed, wanda Danai Gurira ta rubuta, ba shi da nauyin ɗauka. 'Yan wasansa mata biyar ne kacal, yawancin abin da ke faruwa a zango ɗaya yake faruwa, kayan aikinsa kuwa in ka cire bindiga babu wanda ba a samu a kasuwar ƙauye. Wahalarsa tana wani wuri dabam. Marubuciyar ta bar gurabe da yawa babu komai, da gangan, shi kuma darakta sai ya riƙa jin hannunsa na ƙaiƙayin cike su. Kowane gurbi ya cike, ƙarfin wasan ya ragu.

An haifi Gurira a jihar Iowa ta Amurka a 1978, ta girma a Harare, babban birnin Zimbabwe. Abin da ya fara jan hankalinta hoto ne da ta gani a jarida a 2003, na wasu 'yan mata mayaƙa a Laberiya, cikinsu har da wadda ake yi wa laƙabi da Black Diamond. A 2007 ta je Laberiya ta zauna da matan da yaƙin ya bi ta kansu ta saurari bakinsu. An fara nuna wasan a 2009 a gidan wasa na Woolly Mammoth da ke Washington, aka nuna shi a Landan a 2015, sannan ya hau dandamalin Broadway a New York a watan Maris na 2016, Liesl Tommy ce darakta, Lupita Nyong'o kuma ta fito a matsayin Yarinya. Shi ne wasa na farko a Broadway da marubuciyarsa da daraktarsa da dukkan 'yan wasansa mata ne baƙar fata. Ya shiga takarar lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, a fanni shida, ya ci ta tsara sutura. Ma'anar sunan kuwa husufi ne: haske yana nan, wani abu ne ya gitta ya tare shi.

Abin da ke cikin rubutun

Shekarar 2003 ce, ƙarshen yaƙin basasar Laberiya na biyu wanda ya soma a 1999. Muna cikin sansanin 'yan tawayen LURD, masu yaƙi da gwamnatin Shugaba Charles Taylor, a gundumar Bomi, a wani kangon ɗaki da harsasai suka huhhuda bangonsa. Matan da kwamandan sansanin ya kama ya ajiye suna zaune a nan, kuma da lamba ake kiransu. Ta Ɗaya ita ce Helena, wadda ta fi kowa daɗewa. Ta Uku Bessie ce, tana ɗauke da cikinsa. Su biyun sun ɓoye wata yarinya 'yar shekara 15 ƙarƙashin baho don kada ya gan ta, amma ɓuyan bai je ko'ina ba, ta zama Ta Huɗu. Ta Biyu, Maima, ta riga ta bar ɗakin ta ɗauki bindiga, tana dawowa lokaci-lokaci da abin da bakin bindigar ya samo mata. Mace ta biyar a wasan, wadda ba ta cikin matan kwamandan, ita ce Rita, 'yar kasuwa a da, yanzu tana cikin matan da ke zagaya sansanoni cikin fararen kaya suna neman a tsagaita wuta, ita ma da nata ciwon, domin 'yarta take nema.

Waɗannan mata masu fararen kaya ba ƙirƙira ba ce. Kiristoci da Musulmi ne suka haɗu a shekarar, Leymah Gbowee na cikin jagororinsu, suka yi zaman dirshan a Monrovia, babban birnin ƙasar, suka bi masu tattaunawar sulhu har Accra suka tare musu ƙofar zaure. Charles Taylor ya sauka daga mulki ranar 11 ga Agusta 2003 ya tafi gudun hijira Kalaba, aka sa hannu kan yarjejeniyar Accra ranar 18 ga watan. Wasan yana ƙarewa ne a wannan gaɓa, lokacin da labarin tafiyar Taylor ya iso sansanin, kowace mace kuma dole ta san inda za ta nufa.

Tsakiyar labarin dai Yarinya ce, ita kaɗai ce ta iya karatu a ɗakin. Maima tana jan ta zuwa bindiga, tana nuna mata cewa wadda ke riƙe da makami ba a taɓa ta. Abin da ba ta gane da wuri ba shi ne kuɗin wannan kariyar: sai ta kamo wasu 'yan matan ta miƙa wa mayaƙa a madadinta.

Kwamandan

Babu namiji ko ɗaya a jerin 'yan wasan. Idan kwamanda ya zo, abin da 'yan kallo ke gani shi ne hira ta yanke, matan sun miƙe sun jeru, idanunsu na kallon wuri guda, ɗaya ta gane ita aka nuna, ta bi shi. Can sai ta dawo ta nufi ruwa da tsumma ta goge jikinta, sannan a ci gaba da maganar da aka bari. Wannan shi ne ginshiƙin wasan, kuma nan ne aka fi yin ɓarna.

Kuskure na farko shi ne a sa wani ƙato da kakin soja ya tsaya a gefen dandamali, ko a jefa inuwarsa a bango, ko a naɗi murya mai kauri a sake ta a lasifika. Da zarar an ba shi jiki ya zama mutum ɗaya mai iyaka, ɗan kallo ya auna shi ya ga ai bai kai yadda ake tsoronsa ba, wani ma ya gane ɗan ajinsu ne ya yi dariya. Muddin ba a gan shi ba, kowa a zauren zai gina nasa kwamandan daga abin da ya taɓa ji ko ya gani, kuma wannan ya fi duk wanda mai kwalliya zai haɗa ban tsoro. Ga kuma batun haƙƙi: ƙara ɗan wasan da babu shi a rubutu sauya wasa ne, lasisin nunawa kuwa ba ya yarda da haka sai da izini.

Tunda ba za a gan shi ba, idanun matan ne za su zana shi, wannan kuwa aikin awo ne. A zaɓi wuri ɗaya tak, misali bakin hanyar da ke tsakanin kujerun 'yan kallo ta hannun hagu, a liƙa ɗan farin tef a bango ko a jikin sanda a tsayin kamar mita 1.8. Duk sanda ya zo, nan kowa za ta kalla. Idan ɗaya ta kalli sama, ɗaya ta kalli ƙofa, ɗan kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, amma zai ji babu kowa a wurin. A makonnin tsara motsi yana da kyau mataimakin darakta ya tsaya a wurin da kansa, ya yi tafiyar, ya yi nunin, har jikin 'yan wasan ya haddace saurin takunsa da tsawon shirunsa. Bayan nan a cire shi. Shirun da ke tsakanin jeruwa da nuni kada ya gaza daƙiƙa biyar zuwa bakwai. Sababbin 'yan wasa sukan gajarta shi saboda shiru a gaban jama'a yana da nauyi, ga shi kuwa nan ne tsoron yake taruwa.

Haka gogewar jikin. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar kiɗan tausayi. A yi ta yadda ake wanke kwano, da hannun da ya saba, a wuri ɗaya, da tsumma ɗaya, kowane lokaci. Maimaituwar ce ke gaya wa ɗan kallo cewa wannan abu kullum ne. Bambancin da ake so ya fito shi ne tsakanin hannun Helena da ya yi shekaru yana yi, da na Yarinya a karonta na farko, wadda sai an nuna mata.

Tarkon kishi

Ga mai kallo Bahaushe akwai wani abu da sai darakta ya yi hattara da shi fiye da takwaransa na New York. Tsarin Ta Ɗaya, Ta Biyu, Ta Uku, da yadda ake rabon ganima babba ta fara zaɓa, da 'yan ƙorafe-ƙorafen Bessie kan riga da hular gashi, duk sun yi kama da gidan uwargida da amarya da muka saba gani a wasannin talbijin. Cikin minti goma zaure zai ɗauka wasan kishiyoyi ne, ya gyara zama don dariya.

Dariyar ba laifi ba ce, marubuciyar ce ta sa ta. Cikin ganimar da aka kawo akwai wani yagaggen littafin tarihin Bill Clinton, tsohon shugaban Amurka, Yarinya tana karanta musu, su kuma suna fassara rikicin gidansa da ma'aunin nasu zaman, suna ɗaukar matar da aka yi abin kunyar da ita a matsayin Ta Biyunsa. Har Bessie ta raɗa wa jaririyarta suna Clintine. Daraktan da ya danne wannan raha don yana ganin batun ya fi ƙarfin dariya zai samu wasa mai launi ɗaya, 'yan kallo su gaji tun kafin hutun rabi, kuma ya zalunci matan, domin rahar tana cikin abin da ya riƙe su da rai.

Abin da za a tsare shi ne kada rahar ta rikiɗe ta zama ta gidan aure. Nan babu ɗaurin aure, babu sadaki, babu waliyyi, babu gidan iyayen da za a yi yaji a tafi. Saboda haka a hana 'yan wasa salon da suka kwaso daga allo: murguɗa baki, tafa hannu, riƙe ƙugu, harara ta gefen ido. Idan Bessie ta yi rigima kan riga, rigimar wadda ba ta mallaki komai a duniya ba ce sai wannan rigar. Helena kuma ikonta na wadda ta san cewa in tsari ya rushe a ɗakin wata za ta iya mutuwa ne. Gwaji mai amfani shi ne a sa su yi fitowar rabon kaya sau ɗaya da raɗa, kamar yana bayan bango yana ji. Abin dariyar zai tsira, amon kishin zai faɗi, daga nan sai a ɗaga muryar a hankali.

Harshe, da inda labarin yake

An rubuta wasan da Turancin Laberiya, kuma ba ɗaya yake da Burokan Nijeriya ba, ko a lafazi ko a karin sauti. 'Yan wasanmu da sun ga rubutun sai bakinsu ya zame zuwa Burokan Warri ko na barikin soja, wanda kunnen ɗan Nijeriya ya riga ya haɗa shi da barkwanci. Maganinsa sauraro ne: hirarrakin matan Laberiya suna nan a intanet, a ware minti 20 na farkon kowane gwaji a saurara a maimaita, in kuma akwai ɗan Laberiya a gari a gayyato shi ya zauna gwaji uku ko huɗu. Ba kwaikwayo cif ake nema ba. Ana so dai mata huɗun ɗakin su zama bakinsu ɗaya, Rita kuma a ji nata ya bambanta, domin ita ta yi makaranta ta zauna birni.

Mai son mayar da shi Hausa sai ya fara neman izini a rubuce daga masu riƙe da haƙƙin wasan, domin izinin fassara dabam yake da na nunawa. Ko an samu, shawarar da ta fi ita ce a bar labarin a Laberiya, da sunayensa da shekararsa. Jarabar mayar da shi dajin Sambisa tana da ƙarfi, kuma dangantakar gaskiya ce: lokacin da ake nuna shi a Broadway an riƙa sadaukar da wasannin ga 'yan matan da aka sace, ana kiran sunayen 'yan Chibok ɗaya bayan ɗaya. Amma yaƙin LURD da Taylor na neman mulki ne, yana da sanadinsa da ƙarshensa, kuma mace irin Maima, da kayanta da taƙamarta, 'yar wannan yaƙin ce. In aka sauya mata ƙasa sai an ƙirƙiro ƙarya don ta zauna. Nisan ma rahama ne ga ɗan kallon Maiduguri ko Gusau: yana iya kallon Bomi ido buɗe, ya haɗa zaren da kansa, ba tare da an tsaya a kansa da ciwonsa ba.

Shiri da kaya

Makonni shida, kwana biyar a mako, awa uku a rana sun isa, wato awa 90. Makon farko na zama ne a tebur: karatu, taswirar Laberiya, jerin abin da ya faru daga 1999 zuwa Agustan 2003. Na biyu da na uku tsara motsi, na huɗu kashi na biyu da fitowar bindiga, na biyar a haɗa shi daga farko zuwa ƙarshe, na shida fitilu da sauti da sutura. Wasan yana cin sama da awa biyu har da hutu, don haka in da yamma za a fara a lissafa da lokacin salla.

Wadda za ta fito a Yarinya ta kasance babba, shekara 18 zuwa sama, mai ƙaramin jiki. Ba a ba 'yar shekara 15 ta gaske wannan rawa.

Fili mai faɗin mita takwas da zurfin shida ya wadatar. Bango biyu da suka haɗu a kusurwa sun fi ɗaki mai bango uku, saboda suna barin gefe ɗaya a buɗe ya zama daji da fagen fama ba tare da an ja labule ba. Dandalin da ba shi da rufi, irin na ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya dace da shi ƙwarai. Bahon ya zama wanda babbar mace za ta dunƙule a ciki, a huda shi ta bayan da 'yan kallo ba sa gani don iska, a kuma auna da agogo minti nawa za ta yi a ciki tun a gwaji. Cikin Bessie a ɗinka shi girma biyu ko uku, a cusa gero ko shinkafa kilo biyu zuwa uku a tsakiyar auduga. Cikin soso zalla ba ya sauya tafiyar mace, ana ganin ƙaryarsa daga kujerar baya. Jaririyar ma a sa mata nauyi. Suturar kuwa gwanjo ce, a wanke ta sau da yawa, a jiƙa a ruwan shayi, a goge gwiwa da wuya da dutse. Fararen kayan Rita kaɗai za su yi haske, shi ya sa shigowarta ta farko take ɗaukar ido.

Bindiga ta katako ko roba ce, ba ta gaske ba ko da babu harsashi. A sa mata ƙarfe a ciki ta kai kilo uku zuwa huɗu, kusa da nauyin AK-47, domin yadda Yarinya ke fama da nauyinta da farko, da yadda daga baya ta zame mata kamar hannu, rabin labarinta ke nan. A sanar da jami'an tsaron wurin a rubuce, a ɗauko ta cikin jaka a rufe, mutum ɗaya ne zai riƙa karɓa yana kullewa, kuma ba a saita ta kan 'yan kallo. Ƙarar harbi daga lasifikar da ke bayan fage za ta fito, ba ta gaban zaure ba, kuma ba a kunna abin fashewa. Janareto a kai shi nesa, mita 30 ko fiye, a bayan gini. Wasan da ƙarfinsa ke cikin shiru ba ya jure rurin inji. Fitilu goma zuwa goma sha biyu sun isa: ruwan ɗorawa na rana, shuɗi mai duhu na dare, da guda biyu da aka keɓe wa gefen daji.

Fitowa mafi nauyi

A kashi na biyu Yarinya tana ba da labarin wata da ta miƙa wa mayaƙa, da abin da suka yi mata har ta mutu, da bakin da ta yi mata kafin ta cika. Magana ce kawai, ba a nuna komai. 'Yar wasa takan fara ta da kuka, kafin tsakiya murya ta ƙare, kalmomin su narke, 'yan kallo su ga hawaye amma ba su ji abin da ya faru ba. A sa ta fara a bushe, kamar mai ba da rahoto, a raba maganar gida huɗu ko biyar, a san jumla ɗaya da muryar za ta karye a kanta, kafin nan a riƙe. Kada a maimaita wannan fitowa fiye da sau biyu a gwaji ɗaya, kuma kada ta zama ta ƙarshe a ranar. A rufe da wani abu mara nauyi, a cire kayan wasan, a kira kowa da sunanta na gaskiya kafin a watse. A cikin ƙungiya ana iya samun wadda abin ya taɓa shafa ba ta faɗa wa kowa ba, don haka tun ranar farko a ba kowa damar cewa a dakata ba tare da an tambaye ta dalili ba. 'Yan kallo ma a rubuta musu a takardar gayyata da bakin ƙofa cewa akwai batun fyaɗe da ƙarar harbi, a bar ƙofa ɗaya a buɗe da mace a tsaye kusa da ita.

Akwai kuma ƙaramar fitowar da ake yawan yi wa gaggawa, inda Rita ke tambayar Helena sunan da iyayenta suka raɗa mata, ta nuna mata yadda ake rubuta shi a ƙasa. A zuba yashi na gaske a wannan kusurwa, a bar ta ta ja kowane harafi da tsinke har ta gama, ko da zai ci minti guda cur.

A ƙarshe Helena ta bi Rita, Bessie ta zaɓi zama da uban 'yarta, Maima ta riƙe makaminta. Yarinya ta rage a tsaye, ga bindiga ga littafi, rubutun bai faɗi wanda ta ɗauka ba. Nan ma hannun darakta zai yi ƙaiƙayi: ya sa ta jefar da bindigar a yi tafi, ko ya kunna waƙar bege. Kada a yi ko ɗaya. A daidaita hasken ya faɗa kan abubuwan biyu daidai wa daida, 'yar wasan kada ta karkata kafaɗa ko ido zuwa ɗaya, mai fitila ya ƙirga daƙiƙa takwas yana rage haske a hankali har ya mutu, sannan a bar duhun ya ɗan jima kafin a kunna na gaisuwa.